Mun Rushe Kafin Mu Ga Kuɗin Gini

Gidan mahaifinmu na Tudun Wadan Zariya ni na sa aka rushe shi. Ni na kawo mutumin, ni na karanta wa 'yan'uwana takardar, ni na ce su sa hannu. Yau sama da shekara biyar ke nan, abin da ke wurin ginshiƙai ne na kankare da rodi tsirara a kansu, da ramukan harsashi da ke cika da ruwa kowace damina. Na san a Kano da Kaduna da Katsina da Sakkwato akwai iyalai da yawa da ke zaune a kan irin wannan tsohon fili a tsakiyar gari, kuma ko ba daɗe ko ba jima wani zai yi musu sallama da zane mai kyau a kwamfuta. Su nake son su ji yadda tamu ta kasance.

Mahaifinmu ya sayi wurin tun a shekarun 1960, lokacin yana fataucin goro ta jirgin ƙasa. Fili ne mai faɗi a bakin titi. Daga baya akwai cikin gida inda Inna, matarsa ta ƙarshe, take zaune da wata yayarmu da mijinta ya rasu. Daga gefe akwai jerin ɗakunan haya, ginin ƙasa da aka shafe da siminti, kwanonsu ya yi ja saboda tsatsa. Gaban kuwa fegi ne da wata babbar darbejiya a tsakiya, kuma a ƙarƙashinta wani dattijon bakanike yake da gareji da yaransa. Akwai mai walda, akwai mai faci, akwai mai shayi da ke kunna fitila har tsakar dare, da safe kuma mata biyu suna suyar ƙosai da dankali. A kusurwa akwai rijiya wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa, kuma duk wanda ya san Zariya ya san darajar wannan. Rabin layin daga nan suke ɗiban ruwa.

A da ɗakunan hayar nan suna da kasuwa, domin ma'aikatan asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ne ke kama su. Da aka mayar da yawancin aikin asibitin Shika a 2005, sai suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ɗakunan suka koma hannun masu ƙaramin ƙarfi, kuɗin haya ya faɗi, gyara ya tsaya. Mahaifinmu ya rasu ba a raba gado ba. Kowa ya ce a bar wa Inna ta ci gaba da karɓar abin da ya samu, aka bar shi a haka.

Ni kuwa ina Kaduna ina aikin akanta. Gaskiyar da na daɗe ina ɓoye wa kaina ita ce, kunyar gidan nan nake ji. Idan na zo ɗaurin aure da abokan aiki, sai in ajiye mota nesa da baƙin man garejin, in yi ta ba su haƙuri kamar ni na zubar da shi. Idan na dubi wurin, ba na ganin mutanen da ke cikinsa. Murabba'in mita nake gani a bakin titi, tafiyar ƙafa kaɗan zuwa harabar Kongo ta jami'a da kwalejin ilimi ta tarayya, yana kwance ba ya kawo komai. A 2019 gwamnatin jihar Kaduna ta ƙaddamar da shirinta na sabunta birane, ana faɗaɗa tituna, ana sake gina kasuwanni, zancen da ake yi ke nan a kowane ofis. Na ji a raina cewa mu ne aka bari a baya.

A wannan yanayin wani abokin aiki ya haɗa ni da mutumin da kowa ke kira Injiniya. Mutum ne mai fara'a da ladabi, ya yi 'yan gine-gine a Kaduna waɗanda na je na gani da idona. Ya buɗe kwamfuta ya nuna mini dogayen benaye na ɗalibai a Manchesta da Libaful, ya ce duk a kan tsofaffin filayen masana'antu da ma'ajiyar kaya aka gina su a tsakiyar gari, kuma haka ne. Sannan ya nuna mini namu: otal mai hawa uku a gaba, da ɗakin taro a ƙasa, daga baya kuma jerin ɗakunan ɗalibai, kowane da banɗakinsa a ciki. Shi zai gina da kuɗinsa, ya riƙe wurin shekara 25 yana ba mu kaso duk shekara, ya ware wa Inna sashenta, bayan wa'adin ya mayar mana da komai. Ba za mu sayar da ko taku ɗaya ba. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta kwantar mini da hankali, kuma da ita na yi ta kwantar da hankalin kowa.

Ƙarancin wurin kwanan ɗalibai a Zariya ba ƙarya ba ne. Jami'ar da aka kafa a 1962 ta girma fiye da ɗakunan da aka gina mata. Ɗakin da aka yi don mutum huɗu, da dare sai ka tarar an shimfiɗa katifu har bakin ƙofa. A 2019 ma aka buɗe ɗakunan kwanan da Aliko Dangote ya gina wa jami'ar a Samaru, masu ɗaukar ɗalibi sama da dubu biyu, kuma ba su kashe ƙishirwar ba. Saboda haka da na zauna lissafi, sai na cika kowane ɗaki da ɗalibi, na cika kowace shekara da wata goma sha biyu, na ninka. Lissafin ya fito fes. Ban tambayi ɗalibi ko ɗaya ba.

Mun yi taron iyali a zaure bayan la'asar. Yayanmu babba, wanda bai yi boko mai zurfi ba, yana da shagon hatsi a kasuwar Tudun Wada, ya saurare ni har na gama. Sai ya ce, "To, kuɗin ginin suna hannunsa yanzu?"

Na ce, "Yaya, irin wannan aikin ba a ajiye kuɗinsa a aljihu. Akwai masu zuba jari, akwai tsari."

Ya ce, "Ni dai abin da na sani, ganin hadari ba ya sa a yi wanka da kashi. In yana da kuɗi, ya fara da bayan gida inda ɗakunan suka riga suka zube. Mu gani. Gaban nan a bar mutane su ci abinci tukuna."

Na yi dariya a gaban ƙannenmu. Na ce masa zamani ya wuce gini rabi da rabi, katafila sau ɗaya ake kawo ta, kuma irin wannan tunanin ne ya bar gidan a yadda yake. Na jefa masa kalmomin Turanci da na san ba zai iya mayar mini da su ba. Ya yi shiru. Matan suka dubi Inna. Ta ce, "Ku ne maza, abin da kuka gani shi ke nan. Amma rijiyar fa, ɗan nan?" Na ce za a haƙa ta burtsatse, da tanki a sama, ruwa zai riƙa zuwa mata har ɗaki.

Ga wurin da laifina ya fi nauyi. Yarjejeniyar da Turanci take, ni nake karantawa ina mayarwa da Hausa. A wani shafi na tsakiya akwai sakin layi da ya ba Injiniya damar kai takardun filin banki a matsayin jingina domin ya karɓi bashin gini. Na karanta shi, na fahimce shi sarai, domin irin waɗannan takardun su ne abincina. Na kuma san idan Yaya ya ji cewa za a jinginar da filin mahaifinmu a ci bashi mai kuɗin ruwa, zai tashi ya karkaɗe rigarsa, taron ya watse. Sai na ce, "Wannan ƙa'idojin lauyoyi ne kawai," na juya shafi. Na gaya wa kaina cewa alheri nake nufi, kuma idan gini ya tashi babu mai tuna wannan. Suka sa hannu saboda sun yarda da ni.

Abin da takardar ba ta ƙunsa ba ma ya kai abin da ta ƙunsa muni. Babu ranar da za a gama. Babu abin da zai biyo baya idan aiki ya tsaya. Babu wanda ya tsaya masa. Babu sharaɗin cewa sai ya nuna kuɗi kafin a taɓa bango. Da a ofis aka kawo mini wannan takarda in duba wa wani, da jan biro zan cika ta. Tawa ce, ina son ta, sai na ƙi ganin ramukanta.

Aka ba 'yan haya notis. Ranar da dattijon bakaniken yake kwashe kaya ina wurin. A wani reshe mai kauri na darbejiyar akwai sarƙar ɗaga inji da ya rataya tun ina firamare, har ɓawon itacen ya girma ya haɗiye wani sashe nata. Wani yaronsa ya hau da guduma da kurfi yana sassaƙa don ya ɓanɓaro ta. Dattijon yana tsaye a ƙasa, hannayensa a baya. Ya juyo ya ce mini, "Alhaji ƙarami, mahaifinka ne ya kama hannuna ya ce in zauna nan. Allah ya sa abin da za ku yi ya zama alheri. Ni na tsufa, ko yau na daina ba komai. Yaran nan ne ban san inda zan kai su ba." Na ce, "Baba, Allah zai buɗa wata ƙofar." Na ba shi ɗan abin da na kira kuɗin sallama. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, kuma wannan godiyar har yau tana damuna.

A farkon 2020 katafila ta shigo. A watan Janairun shekarar ne aka rushe otal ɗin Durbar a Kaduna, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977 ya kuma shafe shekaru a yashe ana shari'a a kansa. Ni a lokacin sai na ɗauki wannan a matsayin alamar cewa tsohon zamani na tafiya, mu ma muna cikin ayarin. Abin da mahaifinmu ya yi shekaru yana ɗorawa bai ɗauki katafila mako guda ba. Aka sare darbejiya. Rijiyar kuwa ta faɗo daidai inda harsashin otal zai bi, sai aka cike ta da ɓaraguzan ɗakunan haya. Inna da yayarmu muka kama musu haya a Gyallesu, muka ce na shekara ɗaya ne.

A ƙarshen Maris aka sa dokar kulle saboda korona. A watan nan kuma ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba. Na daɗe ina fakewa da waɗannan biyun, ina cewa ƙaddara ce ta faɗa mana. Amma annoba ba ita ta hana ginin tashi ba. Ta dai tona abin da ke rufe: Injiniya ba shi da kuɗin aikin. Abin da ke hannunsa ya isa rushewa da harsashi da ginshiƙai da dekin wani ɓangare. Sauran yana sa ran samu ne daga masu biyan kuɗin shago da ɗaki tun kafin a gina, da kuma banki. Masu biya tun kafin gini suka ga jami'a a rufe, suka riƙe kuɗinsu. Banki kuma ya nemi takardu.

A nan muka gane cewa takardunmu ba za su karɓu ba. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen cikin birni suna hannun gwamnan jiha ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne, galibi na shekara 99. Sashe na 22 na dokar ya ce mai irin wannan izinin ba zai jinginar ko ya miƙa wa wani ba sai da amincewar gwamna. Mu kuwa abin da muke da shi tsohuwar takardar ciniki ce da sunan mamaci, ba mu taɓa kai ta hukumar KADGIS mai kula da takardun filaye an sabunta ba. Mayar da wurin zama ya koma otal shi ma yana buƙatar izinin hukumar tsara birane ta KASUPDA, ba mu nema ba tukuna muka rushe. Sannan ga babbar: ɗaya daga cikin 'yan'uwanmu ya rasu bayan mahaifinmu, ya bar 'ya'ya ƙanana. Rabonsu yana cikin filin. Hannun da baffansu ya sa a madadinsu a zaure, ba tare da an je gaban alƙali an tabbatar da cewa maslaharsu ce ba, lauyan banki ya ce ba zai dogara da shi ba. Kuma yana da gaskiya. Dukiyar marayu na jefa cikin caca, ban ko tsaya na kira abin da sunansa ba.

Ta bakin lauyan bankin Yaya ya ji zancen jingina. Bai kira ni a waya ba. Ya aiko ɗansa da kwafin shafin, an ja layi a ƙarƙashin sakin layin da na tsallake, wani ya rubuta fassararsa da Hausa a gefe.

Daga nan komai ya yi ta nisa. A 2022 malaman jami'a suka sake tafiya yajin aiki daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cur. Duk mai tunanin sa kuɗinsa a ɗakunan ɗalibai ya ja da baya. A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin fetur, a watan Yuni kuma aka saki naira ta nemi farashinta. Buhun siminti da muka yi lissafi da shi a ƙasa da naira dubu uku ya haura dubu goma a farkon 2024. Ma'aunin kuɗin ruwa na Babban Bankin Najeriya, da yake kashi 11.5 a ƙarshen 2020, ya kai kashi 27.5 a ƙarshen 2024. Ko da takardunmu sun gyaru a lokacin, babu otal ɗin da zai iya biyan irin wannan bashi a Tudun Wada. Ba na kiran Injiniya ɓarawo. Shi ma ya binne abin da ya mallaka a ramin nan. Ya yi abin da masu irin sana'arsa da yawa suke yi ne, wato su fara samun fili a hannu, su share shi don masu kuɗi su ga da gaske ake, sannan su shiga neman kuɗin. Idan ta yi kyau kowa ya ci. Idan ta ɓaci, mai fili ne ba shi da wurin komawa.

Sai da abin ya lalace na yi tambayoyin da ya kamata in fara da su. 'Yar ƙanwata ta samu gurbin karatun shari'a a Kongo, na zauna da ita da ƙawayenta na ce su gaya mini irin ɗakin da suke nema. Babu wadda ta ambaci tayil ko banɗaki a ciki. Ruwa suka fara cewa, don kuɗin 'yan garuwa yana cinye musu kuɗin abinci. Sai wutar da za a yi caji a yi karatu da dare, sai ƙofa mai maigadi da ake rufewa, sai kusa yadda ba sai an hau Keke Napep ba. Kuma duk su huɗu ko biyar suke haɗa kuɗi su kama ɗaki ɗaya. Ɗakin mutum ɗaya da muka zana, a farashin da muka sa masa, 'ya'yan masu hali ne kawai za su iya, su kuwa ba su da yawan da za su cika bene. Ɗaya daga cikinsu ta ƙara da abin da ban taɓa kawowa a raina ba. Ta ce, "Kawu, babana ba zai taɓa barina in zauna a gidan da ke jikin otal ba, ko kyauta ne." Sauran suka gyaɗa kai. Ashe maƙwabta ma sun yi ta wannan maganar a masallaci tun ana haƙa harsashi, kunyar mahaifinmu ce ta hana su tunkarar mu.

Masu gidajen haya a Samaru da Kongo su ma sun koya mini lissafin da ba ya cikin kwamfutata. Ɗalibi da zangon karatu yake biya. Idan aka tafi yajin aiki, sai ya kulle ɗaki da kayansa a ciki ya tafi garinsu. Mai gida ba zai iya ba wani ba, ba kuma zai iya cewa a ƙara masa kuɗi ba, domin ɗalibin zai ce zango bai ƙare ba. Haka kuɗin shekara ɗaya yake miƙewa ya rufe shekara ɗaya da rabi. Otal a Zariya kuwa, ban da bukukuwan aure, da me yake rayuwa? Taron yaye ɗalibai, tarukan ƙara wa juna sani, jarrabawar shiga jami'a, iyayen da suka kawo 'ya'yansu. Na ɗauka sana'a biyu na haɗa don idan ɗaya ta yi sanyi ɗaya ta riƙe mu, alhali duk ranar da aka rufe ƙofar jami'a tare za su kwanta. Benayen Manchesta da na gani a hoto suna tsaye ne a kan ɗaliban ƙasashen waje masu biyan kuɗi mai yawa, da kalandar karatu da ba ta motsi, da bashi mai sauƙin ruwa na shekaru masu yawa. Hoton na ɗauko, na bar abin da ke riƙe da shi a can.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yawan abin da wurin yake samarwa lokacin da nake cewa ba ya kawo komai. Ban san shi ba sai da ya koma wuyana. Kuɗin hayan da nake rainawa shi ke sayen hatsin Inna da maganinta na hawan jini da kuɗin makarantar 'ya'yan yayarmu. Bayan wannan akwai abin da ba ya shiga littafi. Mai shayi yana aika mata burodi da madara. Masu ƙosai ba sa tashi sai sun zuba na cikin gida. Idan jikinta ya motsa da dare, yaran gareji ne ke tura wata motar da aka kawo gyara su kai ta asibiti. Fitilar mai shayi da masu hira a bencinsa su ne gadin layin gaba ɗaya, ba a taɓa biyan su ko kwabo ba. A Gyallesu duk wannan sai an saya, wani ma ba ya sayuwa. Inna ta rame a gidan haya. Ba ta taɓa ce mini komai ba, in na je sai ta tambayi iyalina ta sa mini albarka.

Yaran gareji sun watse. Wasu suna gyara a gefen titi inda ake korar su kullum, wasu sun koma acaɓa, biyu sun tafi Abuja aikin leburanci. Filin kuma ya zama abin da na yi ta zargin sa da shi tun farko. Ciyawa ta rufe shi, unguwa ta mayar da gabansa juji, ramuka suna tara sauro, ƙarƙashin dekin ya zama maɓoyar masu shaye-shaye. Wata damina wani yaro ya faɗa ɗaya daga cikin ramukan, Allah ya sa masu wucewa suka ciro shi da rai. Washegari mai unguwa ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malam, mahaifinku ya shayar da layin nan ruwa shekara da shekaru. Ku kuma ga abin da kuka bar mana." Ban sami abin cewa ba, na sa aka kawo tifa aka cike ramin da ya fi zurfi.

Har yanzu ban yarda cewa a bar tsakiyar garuruwanmu su ruɓe ba. Zariya tana ta miƙewa wajen Shika da Basawa da Dakace tana cinye gonaki, alhali a cikinta akwai filayen da za su ɗauki ninkin mutanen da ke kansu, kusa da makaranta da kasuwa da asibiti. Ɗalibai suna buƙatar ɗaki, baƙi suna buƙatar masauki, kuma gidanmu da gaske yana buƙatar gyara. Abin da na ƙi ganewa shi ne rushewa ita ce mafi arha a cikin aikin duka, ita ce kuma kaɗai ba a iya warwarewa. Kowa yana da kuɗin katafila. Manya ma ba su tsira daga rikicin irin waɗannan filaye ba. A Kano, tsohon otal ɗin Daula ya daɗe a lalace, wata gwamnati ta shiga yarjejeniya da 'yan kasuwa aka yi sabon gini a wurin, a watan Yunin 2023 gwamnatin da ta gaje ta ta rushe shi tana cewa ba a bi ƙa'ida wajen bayar da filin ba. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, dukiya ta zama ƙura saboda an ɗora gini a kan takardar da ba kowa ya yarda da ita ba. In haka ta faru da masu lauyoyi da biliyoyi, ina ga iyalin da ke riƙe da takardar cinikin shekarun 1960?

Na je wurin Yaya a shagonsa. Na bari sai da masu awo suka ragu, na tsuguna na gaya masa cewa na ga sakin layin nan tun ranar, da gangan na tsallake shi, kuma dariyar da na yi masa a gaban ƙannenmu ban da hujjarta. Ya ɗan jima yana kaɗa masara a cikin tiya. Sai ya ce, "Ni nawa ya wuce. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba. Ka je wurin Inna, ka je wurin uwar marayun nan, ka faɗa musu da bakinka kamar yadda ka faɗa mini." Na je. Wurin uwar marayun ya fi wuya, domin ita ba ta ce ya wuce ba. Ta tambaye ni nawa rabon 'ya'yanta na haya zai kai a shekarun nan da ba a rushe ba. Na lissafa mata, na rubuta, na sa hannu cewa bashi ne a kaina, ina biya duk wata daga albashina. Dattijon bakaniken ban same shi ba, ya rasu kafin in yi hankalin neman sa. Babban yaronsa na samu.

Da taimakon dattawan unguwa da wani lauya da Yaya ya zaɓo da kansa, mun warware yarjejeniyar da Injiniya ba tare da doguwar shari'a ba. Ya bar mana abin da ya gina, mu kuma muka yafe kason da bai taɓa biya ba. An kai maganar gado kotun shari'ar Musulunci, an fitar da rabon kowa a rubuce, an naɗa wa marayu mai kula da nasu. Takardun filin suna kan hanyar sabuntawa da sunan magada. An bar zancen otal. Abin da aka tsayar shi ne a fara haƙa rijiyar burtsatse da famfo ɗaya a waje don layin, sannan a rufa ɓangaren da ke da dekin a mayar da Inna, sannan a riƙa ɗora ɗakunan ɗalibai mata daga baya, huɗu huɗu, gwargwadon abin da muka tara, kowane ɗaki na mutum huɗu. Gaban titi za a daidaita shi a mayar wa masu sana'a. Babban yaron marigayi bakaniken ya ce zai dawo da mutum uku idan an zuba ƙasa an yi rumfa, tunda inuwar babu ita. Duk takardar da za a sa wa hannu yanzu, 'yar ƙanwata mai karatun shari'a ce ke karanta ta da Hausa a gaban kowa, layi bayan layi, kuma Yaya ne ke riƙe da asusun.